Wasannin bidiyo na LEGO: wanne ne babba da yaro za su iya zama su yi tare?

Idan aka ce wasan bidiyo na iyali ne, tambaya guda nake auna shi da ita: shin mutum biyu da ƙwarewarsu ba ɗaya ba, uba da ɗiya, ko yaya da ƙane, za su iya zama gaban allo ɗaya na tsawon awa guda ba tare da babban ya gundura ko ƙaramin ya fashe da kuka ba? Wasanni da yawa da ake tallatawa da sunan yara ba sa tsallake wannan tambaya, domin abin da aka yi kawai shi ne an cire jini da ashar, amma an bar wahalar tana nan, ko kuma an sauƙaƙa wasan har ya zama babban da ya riƙe rimot na biyu gyangyaɗi kawai yake yi. Wasannin da aka gina a kan tubalan roba na LEGO sun daɗe suna tsallake ta, sai dai ba dukansu ba, kuma ba ta hanya ɗaya ba, don haka ya dace a tantance su kafin a zaɓa.

Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara ƙera kayan wasa na katako a garin Billund a 1932, tubalin roba mai ƙusoshi a sama da ramuka a ƙasa da muka sani a yau an yi masa rajista a 1958, 'yan mutanen nan masu rawayar fuska da hannu kamar ƙugiya kuma suka fito a 1978. Shigar kamfanin harkar kwamfuta ta soma jan hankali da Lego Island a 1997, amma salon da kowa ke nufi idan ya ce "wasan LEGO" ya samo asali ne a 2005, lokacin da wani kamfanin Ingila mai suna Traveller's Tales ya fitar da LEGO Star Wars na farko. Warner Bros. ya sayi kamfanin da ya mallake shi, wato TT Games, a 2007, kuma daga nan wasannin suka yi ta fitowa kusan kowace shekara, kowanne a kan wani sanannen labari, amma ƙashin bayansu ɗaya ne.

Wannan ƙashin baya shi ne ya kamata a fara fahimta, domin a cikinsa sirrin yake. A waɗannan wasanni ba a faɗuwa. Ɗan mutumin da kake sarrafawa yana da zukata huɗu a saman allo, idan suka ƙare sai ya tarwatse zuwa gutsattsarinsa, kai can, ƙafafu can, sulallan da ya tara su zube kaɗan, kafin ka ƙifta ido kuma ya dawo daidai inda ya faɗi. Ba a mayar da kowa farkon mataki, ba a rubuta wa kowa cewa wasa ya ƙare. Yaron da ya faɗa rami sau ashirin bai jawo wa abokin wasansa asarar komai ba face 'yan sulalla, su ma ana iya tsince su kafin su ɓace. Mutum na biyu yana shiga a kowane lokaci da danna maɓalli ɗaya, idan ya gaji ya fita, kwamfuta ta karɓi ɗan mutuminsa ta ci gaba da bin na farko. Duk wanda ya taɓa wasa da yaro ya san darajar wannan, domin hankalin yaro yakan tashi a tsakiyar abu ba tare da sallama ba.

Akwai wata dabara kuma da ba kowa ke lura da ita ba. A yawancin wasannin TT Games, ƙasa da duwatsu da manyan gine-gine an zana su ne kamar na gaske, amma duk abin da za a iya taɓawa, ko fasawa, ko hawa, an yi shi da tubali. Yaron da bai iya karatu ba yana gane wannan ƙa'ida cikin 'yan mintuna ba tare da wani ya faɗa masa ba: in ka ga tubali, to doke shi. Idan ya fashe sai sulalla su watsu, na azurfa darajarsa 10, na zinariya 100, shuɗi 1,000, mai launin shunayya kuma 10,000, kuma da su ake sayen sababbin jarumai da motoci a cikin wasan. Ƙarar tsintar sulallan nan kaɗai tana iya riƙe yaro ɗan shekara huɗu, alhali babban da ke gefensa yana can yana neman ɓoyayyun abubuwa ko yana warware abin da zai buɗe ƙofa ta gaba. Mutum biyu ke nan a ɗaki ɗaya, kowanne yana wasa daidai da hankalinsa, kuma babu wanda ya tare wa wani hanya.

Daga cikin wannan dangi, wanda na fi ba iyalin da ke da ƙananan yara shawarar farawa da shi shi ne LEGO Marvel Super Heroes na 2013, wanda ya zo na'urori da yawa, har da Nintendo Switch a 2021. Dalilina ba yawan jarumansa ba ne, ko da yake sun haura ɗari, yadda aka raba aiki a tsakaninsu ne. Abu mai ƙyallin azurfa ba ya fashewa sai da roka ko nakiya, abu mai ƙyallin zinariya sai wuta ko hasken lesa ya narkar da shi, bangon da ke da koren mariƙi kuma sai ƙaton jarumi irin Hulk ne zai fizge shi. Saboda haka babu ɗan wasan da zai iya gama mataki shi kaɗai da jarumi ɗaya. Na ga amfanin wannan tun a matakin farko, wanda ke gudana a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin New York. Ɗiyata, tana da shekara shida a lokacin, ta zaɓi Hulk don girmansa, ta yi ta dukan wani abu mai ƙyallin azurfa har ta gaji, sannan ta juyo ta ce, "Baba, zo ka fasa mini wannan, ya ƙi fasuwa." Na harba masa rokar Iron Man ya tarwatse. Ba a jima ba muka iso inda nawa jarumin ba shi da abin yi, sai ta ce, "Baba, matsa ka gani," ta kama mariƙin ta fizge bangon gaba ɗaya, ta juyo tana dubana don ta tabbata na gani. Ba wai na bar mata ba ne don in faranta mata rai, a gaskiya ba zan iya wucewa ba sai da ita, kuma yaro yana bambance taimakon gaske da wanda ake yi masa don lallashi. Bayan matakan labari akwai tsibirin Manhattan a buɗe, inda za a iya yawo, a tuƙa mota, a tashi sama, a diro daga wani katafaren jirgi da ke shawagi a saman birnin. Inda wasan ya gaza shi ne sarrafa tashi sama, wanda ke da wuyar sabo ko ga babba, musamman a tseren da ake ratsa zobba a iska, waɗanda ya fi kyau a ƙyale su idan ƙaramin yaro ne ke riƙe da rimot.

Wanda na fi so a raina kuwa shi ne LEGO City Undercover. Ya fara fitowa a 2013 a kan na'urar wasa ta Wii U kaɗai, kuma na mutum ɗaya ne a lokacin, sai a 2017 aka sake fitar da shi a PlayStation 4 da Xbox One da Switch da kwamfuta, aka ƙara masa damar mutum biyu su yi tare, don haka wannan na biyun ake nema. Fifikonsa a kan sauran shi ne bai jingina da wani fim ba, ba a buƙatar kowa ya san wani labari kafin ya zauna. Ɗan sanda ne mai suna Chase McCain yake farautar wani ɗan fashi, Rex Fury, da ya tsere daga kurkuku, kuma domin ya kutsa cikin gungun ɓarayi sai ya riƙa ɓad da kama: yau ɓarawo mai sandar ɓalle ƙofa, gobe mai haƙar ma'adinai da nakiyarsa, jibi manomi da ke riƙe kaza ya yi shawagi da ita daga kan rufi, sannan ɗan kwana-kwana, da ma'aikacin gini, da ɗan sama-jannati. Kowace shiga tana buɗe wani sashe na birnin da a da ake wucewa ana kallo kawai. Iyayen da yaransu ke naci a kan wasannin manya na yawo a birni da ƙwace motoci za su sami mafita a nan, domin 'yancin yawon duk yana nan, amma ɗan sandan yakan nuna shaidar aikinsa ne ya ari mota, mutanen da ke kan titi tsalle suke yi su kauce, faɗan kuma kokawa ce da ke ƙarewa da sa ankwa. Barkwancinsa hawa biyu ne, yaro yana dariyar faɗuwa da shirme, babba yana dariyar shaguɓen da ake yi wa tsofaffin finafinan 'yan sanda. An san shi da daɗewa kafin ya buɗe, kuma labarinsa da magana ake ba da shi, don haka yaron da bai ji harshen da aka sa ba zai rasa rabin daɗin sai an riƙa fassara masa.

Wannan batu na magana ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Wasannin farko, daga 2005 har zuwa 2011, babu kalma ko ɗaya a bakin 'yan mutanen, gurnani ne da ɗaga kafaɗa da zare ido, kuma da haka ake ba da labari sukutum. LEGO Batman 2 na 2012 ne ya fara kawo muryoyi. A ganina an yi riba an kuma yi asara, domin wasan bebaye ba ya buƙatar fassara, kaka da jika suna fahimtarsa daidai wa daida, kuma dole ta sa masu zanen su ƙirƙiro abin dariya da ido ke gani. Wanda ya sami LEGO Star Wars: The Complete Saga na 2007, ko tarin LEGO Harry Potter da ya haɗa wasannin 2010 da 2011, zai ga wannan tsohon salo da ƙarfinsa. Na biyun, kamar yadda aka sani, a makarantar koyon sihiri yake gudana, kuma akwai iyayen da ba sa son wannan jigo ga 'ya'yansu, to su sani tun kafin su saya.

Mafi girma a dangin duka shi ne LEGO Star Wars: The Skywalker Saga, wanda ya fito a watan Afrilun 2022. Ya tattara finafinai tara, kowanne da matakai biyar, jimilla 45, da jarumai fiye da 300, da duniyoyi fiye da 20 da ake sauka a yi yawo a cikinsu. Wajen kyan zane da faɗin fili babu na biyunsa, kuma da yawa za su sa shi a sahun gaba. Ni ban sa shi a can ba, idan maganar iyali ake yi. An matso da kyamara kusa da kafaɗar jarumi, an mayar da harbi ya zama sai an saita, wanda ke nufin sai ɗan wasa ya iya juya sanduna biyu na rimot a lokaci guda, ɗaya ta tafiya ɗaya ta kallo, kuma wannan fasaha ce da yawancin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ba su riga sun mallaka ba. Allon yana rabuwa biyu a tsaye, kowa ya sami siririn sashe, jerin zaɓuɓɓuka da taswirori kuma suna da yawa har babba ma yakan ɓata a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne wasu manyan fafatawa na takobi, inda labarin ya tanadi jarumi ɗaya kawai, sai a bar mutum na biyu da wani ɗan mutum-mutumi yana zagaye a gefe, wato daidai lokacin da wasa ya kai ƙololuwa an mayar da ɗaya ɗan kallo. Ga yaro ɗan shekara tara zuwa sama da ya saba da rimot, ko gidan da kowa ke son labarin, wasa ne da zai ɗauki watanni ba a ga ƙarshensa ba. An kuma sa masa zaɓin kashe muryoyi a dawo da gurnanin da, abin da ke nuna masu yin sa sun san akwai masu kewar tsohon salo. A gida ɗaya ake yin sa mutum biyu, ba ta intanet ba.

LEGO Jurassic World na 2015 ba ya buƙatar dogon bayani. Yaron da ke son manyan dabbobin zamanin da zai iya zama ɗaya daga cikinsu ya yi ta ruri yana rusa shinge, wuraren da ke da ban tsoro a finafinan kuma an juya su sun zama abin dariya, wanda dabba ta haɗiye ma yakan fito da ransa. Sai dai wasu wurare masu duhu da ƙarar rurin suna iya firgita ɗan ƙaramin yaro. LEGO The Incredibles na 2018 gajere ne kuma mai sauƙi, ya dace da wanda ake so ya fara koyo.

Amma duk waɗannan wasanni suna da wani gibi da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya raba wannan bita gida biyu. A cikinsu ba a gini. Abin da ake kira gini shi ne ka ga tarin tubala suna tsalle a ƙasa, ka tsaya kusa da su, ka danne maɓalli ɗaya, ɗan mutumin ya harhaɗa abin da aka riga aka tsara masa. Ba ka zaɓi tubali ko ɗaya ba. Abin wasan da sunansa ya ginu a kan ƙirƙira ya zama, a allon talabijin, abin farfashewa da tsince-tsince. Wannan ba laifi ba ne ga mai neman nishaɗi, amma uban da ya sayi wasan da zaton ɗansa zai riƙa ƙera abubuwa da tunaninsa, to ya sayi wani abu dabam. An yi yunƙurin cike gibin da LEGO Worlds a 2017, wanda ya bi sawun Minecraft, wani wasan bidiyo na gini, sai dai kayan aikinsa na gini sun yi wa ƙananan yara nauyi. Waɗanda suka cike shi da gaske ƙananan kamfanoni ne, da ƙananan wasanni.

Na farko shi ne LEGO Bricktales na 2022, aikin kamfanin ClockStone na ƙasar Ostiriya, wanda dama ya ƙware a wasannin gina gada. Labarin ɗan siriri ne, ana taimakon wani kaka ya farfaɗo da wurin shaƙatawarsa da ya lalace, ana ratsa daji da hamada da fadar sarki da birni da tsibirai. A kowane wuri sai a iske matsala, kogi ba gada, ko tudu ba matakala, a ba ka fili da ƙididdigaggun tubala, a ce ka gina. Idan ka gama sai ka danna gwaji, wani ɗan mutum-mutumi ya bi ta kan abin da ka gina, in bai yi ƙwari ba ya rufta da shi a gabanka, wasan kuma ya nuna maka inda ya karye. Na zauna da ɗan 'yar'uwata mai shekara goma sha ɗaya a kan wata gada da ta rushe mana sau uku. Ni ina ta ƙara tubala a sama da zaton kauri ne ƙarfi, shi kuwa ya yi shiru yana juya ginin ta kowane gefe, can sai ya ce, "Kawu, ai duk mahaɗar a layi ɗaya take, shi ya sa take ɓallewa." Ya zame sahu na biyu da rabin tubali, yadda kowane tubali na sama ya hau kan gaɓar biyu na ƙasa, kamar yadda magini ke sarƙa bulo, ya danna gwaji, mutum-mutumin ya haye lafiya. Babu wanda ya koya masa wannan da baki, rushewa uku ce ta koya masa. Wasan na mutum ɗaya ne, amma yana cikin waɗanda suka fi daɗin yi a taru, ɗaya na riƙe da rimot sauran na ba da shawara da gardama. Matsalarsa ita ce ajiye tubali daidai inda ake so a fili mai zurfi, wanda da rimot yakan gwada haƙurin mutum, ya fi sauƙi da linzamin kwamfuta. Akwai karatu a cikinsa, don haka ba na 'yan ƙasa da shekara takwas ba ne sai da babba a kusa.

Na biyu da na uku duk daga Light Brick Studio suke, wani ƙaramin kamfani a birnin Kopenhagen. LEGO Builder's Journey ya fara fitowa a Apple Arcade, dandalin wasanni na kamfanin Apple, a 2019, ya iso kwamfuta da Switch a 2021. Labarin uba da ɗa ne da aiki ke rabawa, ba magana, ba rubutu, sai ƙarar tubali yana shiga mazauninsa da kiɗa mai sanyi, kana shimfiɗa wa yaron inda zai taka ya isa wurin mahaifinsa. Cikin awa biyu zuwa uku an gama shi, kuma na lura ya fi taɓa zuciyar iyaye fiye da ta yara. LEGO Voyagers kuwa, wanda ya fito a watan Satumban 2025, shi ne ya fi kowanne amsa tambayar da na fara da ita, ta wata fuska. Kowane ɗan wasa ƙaramin tubali ne guda, ɗaya ja ɗaya shuɗi, kowanne da ido ɗaya, suna gangarawa, suna tsalle, suna manne wa wasu tubala ko junansu. Ba a yin sa mutum ɗaya ko kaɗan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya haye, ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya juya akala. Babu abokin gaba, babu duka, babu sulalla, akwai ma maɓallin da ba ya yin komai sai sa tubalinka ya rera 'yar murya, kuma yara sukan mayar da shi hanyar kiran juna. Ana yin sa a allo ɗaya ko ta intanet, inda wanda ya saya zai iya gayyatar wani ya shiga ba tare da shi ma ya saya ba. Abin lura shi ne a nan babba ba zai iya ɗauke wa yaro nauyinsa ba kamar a wasannin TT Games, idan tsalle ya gagari ƙaramin to dukansu sun tsaya har sai ya iya. Wannan ne ƙarfinsa, kuma shi ne dalilin da ya sa ya fi dacewa da ɗan shekara bakwai zuwa sama fiye da ɗan shekara huɗu. Gajere ne shi ma, zama biyu ko uku ya isa.

Sauran biyu da yara za su ambata da kansu, tun kafin iyaye su ji labarinsu, suna buƙatar a shiga da ido buɗe. LEGO 2K Drive na 2023 wasan tseren mota ne mai armashi, motar tana rikiɗa da kanta ta zama ta titi, ko ta jeji, ko jirgin ruwa, gwargwadon inda ta taka, kuma yana da gareji inda ake ƙera mota tubali bayan tubali, wanda gini ne na haƙiƙa. Sai dai an fitar da shi da kanti a ciki da ke karɓar kuɗin gaske, ko da yake an riga an sayi wasan. LEGO Fortnite, wanda Epic Games ya buɗe a watan Disamban 2023, kyauta ake shiga, ana sare itace, a haƙo dutse, a gina ƙauye, a kare kai daga yunwa da sanyi da namun dare, har mutum takwas a duniya ɗaya, kuma akwai yanayin da aka cire haɗari aka bar gini zalla. Yana da kyau ƙwarai ga 'yan'uwan da ke nesa da juna. Amma ba ya aiki sai da intanet da asusu, kuma yana zaune ne a cikin babbar manhajar Fortnite, kusa da kantinta da sauran wasanninta da ba duka ne na ƙananan yara ba. Akwai saitin iyaye da ke taƙaita hira da baƙi, da sayayya, da irin wasannin da yaro zai iya buɗewa, kuma wajibi ne a zauna a saita shi kafin a miƙa rimot, ba bayan an miƙa ba. LEGO Horizon Adventures na 2024 ya burge ni da abu ɗaya, komai na cikinsa da tubali aka yi shi, har ƙasa da ruwa, amma matakansa suna kama da juna, daɗinsa kuma ba ya jurewa kamar na waɗanda suka gabace shi.

Game da shekaru, hukumar PEGI ta Turai ta sa wa yawancin wasannin TT Games alamar shekara 7, hukumar ESRB ta Amurka kuma shekara 10 zuwa sama, dukansu saboda faɗan barkwanci da ke ciki. Waɗannan alamomi abin da ido zai gani suke aunawa, ba wuyar sarrafawa ba, shi ya sa wasa biyu masu alama ɗaya za su iya bambanta ƙwarai a hannun yaro guda. Gidan da ke da ɗan shekara biyar ko shida ya fara da Marvel Super Heroes, idan yaron ya fara jin labari ya bi shi da City Undercover, a ajiye The Skywalker Saga sai babban yatsansa na dama ya koyi juya kyamara. Inda kuwa yaron ya riga ya fi son zube tubala a ƙasa yana ƙera abin da babu a takardar umarni, to Bricktales ne nasa, a kan kwamfuta idan da hali, Voyagers kuma a tanade shi don ranar da babba yake da awa biyu da ba zai duba waya ba.